Kwalaben kyandir da fasassun gilasai a bola

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku kan kyandir ɗin nan mai ƙamshi da ake zubawa a kwalbar gilashi, wanda yanzu ya zama ruwan dare a ɗakunan amare. Da ya ƙare sai a wurga kwalbar a bola, ta fashe, yaro ɗan bola jari ya zo da silifas ya taka. 'Yan gwangwan kuwa ƙarfe da alminiyam da roba suke ɗorawa a sikeli, ba kasafai suke waiwayar gilashi ba.

Ni sana'ata haɗa humra da turaren wuta, kuma irin waɗannan kwalaben masu faɗin baki da murfi nema muke yi ruwa a jallo. Wanke su ba wuya. A zuba ruwan zafi, kakin ya narke ya taso sama, a bari ya huce ya daskare, a kwashe da cokali, a ciro ɗan ƙarfen da ke riƙe lagwani, sai sabulu. Kada dai a juye ruwan kakin a bututu, toshewa zai yi. Kuma ban yarda a zuba yaji ko zuma a ciki ba, turaren ba ya sakin kwalbar da sauƙi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, gilashi iri-iri ne. Kwalbar lemo da ta Bama jinsi ɗaya ne, da yashi da soda da farar ƙasa ake yin su. Ana farfasa su a narkar da zafin da ya kai kusan digiri 1,500, a fitar da sabuwar kwalba, kamar yadda masana'antun kwalba na Agbara a jihar Ogun da Ughelli a jihar Delta suke yi. Amma madubi akwai shafe a bayansa, gilashin mota da na taga haɗinsu daban, kwanon gilashi irin na Pyrex sai da wutar da ta fi wannan yake narkewa. Tangaran shi ne mugun: ɗan guntunsa in ya shiga tukunyar narki sai ya zauna kamar tsakuwa a jikin sabuwar kwalba, daga nan ta tsage. Wasu kwalaben kyandir daga gilashi mai jure zafi aka yi su, kuma ido ba ya bambancewa, shi ya sa sake amfani da su ya fi. Dogon ƙwan lantarki kuma akwai zaiba a ciki, guba ce, bai kamata yara su fasa shi suna wasa ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wajenmu. Mutanen Masaga a Bida sun daɗe suna narka kwalabe, kowace kala daban, suna fitar da duwatsun ado da awarwaro. Don Allah ku tura wakilinku ya ji irin kwalaben da suke karɓa da yadda za a kai musu. Wadda ta riga ta fashe kuma, uwargida ta naɗe ta a kwali kafin a ba mai kwasar shara.

Mai karatunku,
daga Kano