Mamana, Wannan Alamar Tambayar Fa?

Kano, daren Talata

Assalamu alaikum Mamana,

Da fatan kina lafiya, ke da mamanki da ƙannenki. Jikin Hajiya da sauƙi, alhamdu lillahi. Jiya da kanta ta riƙe kofin kunu, har ta tambaye ni ina takwararta.

Jerin jami'o'in Amurka da kike son nema, wanda kika turo daga New York ta WhatsApp, ya iso. Ranar Lahadi da na ce miki bai kwanta mini ba, na ji muryarki ta canza, kafin in yi bayani kuma layi ya yanke. Shi ya sa yau da Hajiya ta samu barci na fito barandar asibiti na zauna rubuta miki, don ki karanta a tsanake, in zuciya ta sauka ki sake karantawa.

Makarantu tara kika rubuta: Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Brown, Cornell, Johns Hopkins, NYU, sai can ƙasa Lehman, kin bi ta da alamar tambaya. Wannan alamar ce ta hana ni barci.

Kada ki ɗauka raina ki na yi. Sau nawa na dawo daga tuƙi ƙarfe biyun dare na tarar kin kifa kai a kan littafin kemistiri a teburin kicin, biro na hannunki, shayi ya huce a gefe? Na san abin da kika zuba. Amma ki dubi lissafin. Masu neman Harvard a shekara sun kai wajen 50,000, waɗanda ake ɗauka kimanin 2,000, wato kusan 4 cikin 100. Sauran da aka mayar gida ba daƙiƙai ba ne, da yawansu su ne zakarun makarantunsu. Columbia da Yale da Princeton duk sammakal. Kuma abin da ya fi damuna, irin ɗalibi ɗaya dukkansu suke nema, saboda haka wanda ɗaya ta ƙi, galibi sauran ma sai su ƙi shi. A ganinki ƙofa takwas kika ƙwanƙwasa, ni kuwa ƙofa ɗaya nake gani da aka yi wa fenti kala takwas. Mu Kanawa mun san hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai abin da ban taɓa ba ki labarinsa dalla-dalla ba. Da na gama sakandare, likita na cike a fom ɗin JAMB, zaɓi na ɗaya da na biyu. Wani malaminmu ya ja ni gefe ya ce in sa wani kwas na kimiyya a na biyun, ko don gudun ɓacin rana. Na ji kamar ya zage ni. Sunana bai fito ba. Shekara ta zagayo na sake yin yadda na yi, bai sake fitowa ba. Shekara biyu ina auna yadi a shagon kawuna a Kantin Kwari, abokaina na zuwa hutu suna wucewa da jakunkunansu, ni ina sunkuyar da kai kamar ina neman almakashi. Daga baya sha'awar karatun ma ta fice mini. Ban yi nadamar rayuwata ba, da wannan tasin na ciyar da ku halal. Amma har yau in na tuna fuskar malamin nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ba wanda ya zalunce ni, ni ne ban bar wa kaina ƙofar baya ba.

Na san malamar da ke ba ku shawara a makaranta ta gaya muku a kasa makarantu gida uku: na gwada sa'a, na daidai ruwa daidai tsaki, da na tudun mun tsira. Gane wacce ce wacce ba wuya. Yawancinsu suna fitar da wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. A ciki za ki ga makin SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, na ɗaliban da suka shiga bara, bayan an ware kashi ɗaya cikin huɗu na sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa. Idan 1380 ɗinki ya faɗa a tsakiyar nan, sa'arki ce. Idan ya haura, kuma suna ɗaukar fiye da rabin masu nema, kin samu wurin dafawa. Idan kuwa yana ƙasa, kamar Harvard da yawancin ɗalibanta daga 1500 suke zuwa sama, to addu'a ce. Ni dai a wurina, duk makarantar da ba ta ɗaukar ko 20 cikin 100, ko da cikakken maki 1600 kika ci, a gidan gwada sa'a take.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Kowa yana ɓata wata uku a kan makarantun buri, sai ya zaɓi ta ƙasa cikin minti biyar, yana cewa da babu gara ba daɗi. Ni so nake ki juya aikin, ki fara da ta ƙasan, domin a duk jerin ita kaɗai ce muke da yaƙinin za ta buɗe miki. Sai ta cika sharaɗi uku kafin ta ci sunanta: za su ɗauke ki, za mu iya biya ba tare da bashi ba, kuma idan a ƙarshen Maris ita kaɗai ta amsa, za ki shirya jakarki da murna ba da hawaye ba. Na ukun nan shi mutane ke tsallakewa. Makarantar da kike jin kunyar faɗin sunanta a gaban ƙawayenki ba ta tsirar da ke daga komai ba, ko da ta ɗauke ki.

Kin taɓa shiga Lehman kuwa? Tana nan Bedford Park, jirgin ƙasa mai lamba 4 zai sauke ki kusa da ita. Ni na sha ajiye fasinja a bakin ƙofarta, ga bishiyoyi, ga tsofaffin gine-ginen dutse, ga tafkin Jerome Park a gefe. A harabar nan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zamansa na wasu watanni a 1946. City College da ke Harlem kuwa tun 1847 take, kuma a can Jonas Salk ya yi digirinsa na farko, mutumin da ya samar da rigakafin shan-inna. Ki tuna masu rarrafe da muka gani a bakin danja lokacin da kika zo Kano, kika riƙe mini hannu kika yi shiru. Wanda ya fara toshe wa wannan cuta hanya ɗan talakawa ne, ɗan baƙi irinki, daga makarantar gwamnati ta birninku.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki samu rana ki je Lehman da Hunter da City, ke da mamanki. Ki shiga laburare ki zauna rabin awa. Ki nemi ɗakin da ɗalibai Musulmi ke salla, ki tambayi wata mai hijabi yadda suke yi da abinci da azumi. Ki tsayar da mai karanta bayoloji ki ce mata ko ana samun shiga ɗakin bincike da malamai. Abin da za ki ji a awa biyu ya fi duk abin da ke shafinsu na intanet.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ba kya son in ɗauko. NYU da ɗaki da abinci ta haura dala 90,000 a shekara. CUNY, wato jami'o'in birni irin su Lehman da Hunter da City, da SUNY na jiha kuwa, ga mazaunin jihar New York, kuɗin karatu wajen dala 7,000 ne. Ga tallafin TAP na jiha, ga Pell na tarayya da ke kaiwa sama da dala 7,000 ga masu ƙaramin ƙarfi, ga Excelsior ga iyalin da samunsu bai wuce dala 125,000 ba, da sharaɗin ki zauna a jihar bayan kin gama gwargwadon shekarun da kika ci tallafin. Sai dai Excelsior kuɗin karatu kaɗai yake ɗauka. A SUNY ɗaki da abinci sun ninka kuɗin karatun fiye da sau biyu, wannan kuma a wuyanmu yake.

Gaskiya ita ce farashin da aka liƙa ba lallai shi za a biya ba. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 ba, ba za su biya komai ba. Shi ya sa ban ce ki goge ta ba. Kowace makaranta doka ta tilasta mata sa ma'aunin farashi a shafinta. Ku zauna da mamanki da takardun harajinmu na cikin jakar nan mai ruwan ƙasa, ku shigar da lambobin makaranta bayan makaranta, ki rubuta abin da ya fito a gefen sunan kowacce.

Ki tuna likitanci a Amurka ba kamar na gida ba ne. Sai kin yi shekara huɗu na digirin farko, kin ci jarrabawar MCAT, sannan ki shiga wasu huɗun, kuma a can ne kuɗi ke ƙonewa. Masu ɗauka a can makinki da aikinki za su fi dubawa. Ba na so ki isa wannan ƙofar da dutsen bashi a ka, bashin ma mai ruwa. Kin san matsayin riba a gidanmu. Ba fatawa nake ba ki ba, amma muddin akwai hanyar da za ki fita ba a bin ki ko sisi, ni ita zan fara dubawa.

Wani abu kuma, shiga makaranta daban, shiga kwas daban. Hunter za ta iya ɗaukar ki, amma sashen jinyarta gasarsa daban ce. Haka shirin Sophie Davis na CUNY, mai haɗa digiri da likitanci, da Macaulay, shirinsu na zakarun ɗalibai: ki nema, amma a gidan gwada sa'a za ki sa su.

Ga shawarata. Cikin takwas ɗin nan ki riƙe uku, waɗanda za ki iya gaya mini dalilin son su ban da suna. Ki ƙara huɗu sa'anninki, ki duba Stony Brook da Binghamton da Buffalo da Hunter. Sai biyu ko uku na dafawa. Fom ɗin CUNY ɗaya makarantu shida yake ɗauka, ki tambayi malamarki takardar yafe kuɗin fom, ki kuma tambaye ta ko kin cancanci SEEK ko EOP, shirye-shiryen tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Buffalo da nisa, ga ƙanƙara, na san mamanki za ta yi shiru kwana biyu. Idan ita zuciyarki ta kwanta da ita, ni zan lallashe ta.

Early Decision ɗin da kike maganar yi wa Columbia, ki dakata. Alƙawari ne: in sun ɗauke ki, sai ki janye sauran, ba ki ga abin da wasu za su ba ki ba. Mai hali ne ke iya wannan. Mu namu shi ne mu baje takardun duka a tebur a watan Afrilu, mu gwada, mu amsa kafin 1 ga Mayu. FAFSA kuwa, fom ɗin neman tallafin karatu na tarayya, a farkon Oktoba aka saba buɗe shi, ku cike a makon nan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ji an ce 'yar wane a masallacinmu ta shiga babbar makaranta, ana ta magana bayan Juma'a. Allah ya sa albarka. Ni ban ɗora miki nauyin samo mini sitikar da zan manna a bayan mota ba. Duk wadda ta ɗauke ki cikin jerin nan, da kaina zan kai ki ranar farko, in Allah ya yarda.

Hajiya ta farka, ina jin tarinta. Ki turo mini sabon jerin kafin Lahadi, da farashin kowacce a gefe, da abin da kika gani a Lehman. Zan kira bayan la'asar ɗinku. Ki gaida mamanki, ki ce wa autan gida na ga sakamakonsa na lissafi, za mu yi magana.

Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Babanki