Roƙon Tallafi: Ƙyallaye da Kayan Ɗinki Domin Ɗaliban Firamare

Assalamu alaikum. Kwamitin iyaye da malamai na makarantar firamarenmu da ke cikin garin Sakkwato na gaida iyaye, teloli, 'yan kasuwa da sauran masu hali.

Daga zango mai zuwa, yaran aji 4 zuwa 6 za su riƙa zama sau biyu a mako suna koyon zanen tufafi, yanka da ɗinki. Ba sabon yadi za mu sayo ba. Ƙyallayen da tela ke sharewa da yamma a ƙona, da tufafin da aka daina sawa, su ne kayan aikin. Duk wanda ya taɓa yashe kwata kafin damina ya ga tsummokaran da ke toshe ta: na auduga kan ruɓe, na roba kuwa sai su shekara da shekaru suna nan daram.

'Yan aji 4 allura da zare kawai za su riƙe: sa maɓalli, kalmasa, da yi wa wandon makaranta faci a gwiwa. Facin ya zarce yagar da inci ɗaya ta kowane gefe, in ba haka ba wanki biyu ya sake buɗewa. 'Yan aji 5 za su auna kafaɗa, ƙirji da tsawo, su zana fasalin riga a takardar buhun siminti, su bar rabin inci na ɗinki kafin su sa almakashi. Yaro ya ɓata takarda goma ya fi ya ɓata ƙyalle ɗaya. Keken ɗinki sai aji 6, kuma malama na tsaye a kai. A ƙarshen zango kowane yaro zai koma gida da jakar littattafai da ya haɗa da hannunsa.

Ga teloli muka fi miƙa ƙoƙon bararmu. Ragowar atamfa, shadda da yadin auduga muke so, ko da faɗin tafin hannu ne. Don Allah a ware mai talewa daban, domin idan aka haɗa shi da marar talewa, ɗinkin tattarewa yake yi. Za mu wanke komai kafin yanka, saboda auduga na tsukewa a wankin farko, wata atamfar kuma zuba take yi ta rine farin da ke kusa da ita. Leshi mai duwatsu a riƙe shi, karya allura yake yi.

Sai kayan aiki. Muna neman keken ƙafa 4, irin Butterfly ko Singer, don ba ruwansu da wuta; tsoho ma mun gode, matuƙar ƙoshiya da kwarkwaronsa, wato masu riƙe zaren ƙasa, na nan. Almakashi 20 masu dakusasshen baki na yara, da manya 4 waɗanda ba za su taɓa takarda ba, don takarda na cinye kaifi. Tef ɗin awo 20, allin tela, zare baƙi da fari, man keke, da allurar keke lamba 14 da 16. Ta 14 ta atamfa ce, ta 16 ta yadi mai kauri. Allura ce ta fi ƙarewa a hannun ɗan koyo, saboda yana jan yadi maimakon ya bar keke ya ja da kansa, sai ta lanƙwashe ta fara tsallake ɗinki. In zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi kuma, galibi zaren sama ne ba a zura daidai ba, abin da tela zai nuna a minti biyar. Don haka wanda zai ba mu awa ɗaya a mako, ko mai gyaran keke da zai leƙo sau ɗaya a zango, ya yi mana babban taimako. Dukawa da majema ma muna jiran guntayen jar fatar akuyarmu ta Sakkwato, don hannun jaka.

A kawo kaya ko kuɗi ofishin shugaban makaranta, Litinin zuwa Alhamis kafin a tashi, a karɓi rasidi. Tufafin gida a wanko su tukuna, kuma kada a cire zif da maɓallai, yaran za su warware su da kansu. Allah ya saka da alheri.

Kwamitin Iyaye da Malamai