Wasiƙa zuwa ga Baba game da wani tsohon gidan katako

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara duka. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Yaya ya faɗa mini ana shawarar rushe zauren Kaka a yi na bulo. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wani gida da na je na gani a nan Ingila, a yankin Cheshire kusa da garin Congleton. Ana kiransa Little Moreton Hall.

Wani mai gonaki, William Moreton, ya fara gina shi wajen 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har wajen 1610. Ƙashin ginin duk itacen oak ne. An fafe wannan an zura wancan a ciki, sannan aka kafe su da turakun itace. Tsakanin katakan kuma saƙar tsumagu ce aka yaɓe da laka, kamar dai yaɓen da kuka koya mana. Ruwa ya kewaye gidan, ta gada ake shiga.

Baba, da kun gan shi da kun ce yau zai faɗi. A can sama sun ɗora wani dogon ɗaki mai tsawon mita 21, suka rufe shi da falalen dutse masu nauyin gaske, alhali harsashin wajen ba shi da ƙarfi. Nauyin ya lanƙwasa benen ƙasa, bango ya yi ciki, daɓen ɗakin yana hawa yana sauka a ƙarƙashin ƙafa. A ƙarshen ƙarni na 19 sai da aka ɗaure shi da sandunan ƙarfe. Amma ga shi tsaye, ya haura shekara 500.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tagogin tsakar gida. Kafintan da ya yi su, Richard Dale, ya sassaƙa sunansa a jikin katakon a 1559, ya ce da yardar Allah ya yi aikin. Na daɗe ina kallon rubutun, ina tunanin maginan da suka yi ɗaurin gugan zaurenmu.

Talauci ma ya taimaki gidan. A yaƙin basasar Ingila da ya fara a 1642 iyalin sun bi sarki, aka ci su, dukiya ta tafi. Sai suka ba manoma haya shekaru da yawa, babu mai kuɗin da zai rushe ya yi na zamani. Tun 1938 ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi ke kula da shi, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Don Allah, Baba, a dakata da zauren nan. Azararsa lafiya take, gara ba ta ci ba. Abin da yake buƙata shi ne sabon yaɓe da gyaran indararo kafin damina. Ku tambayi magini nawa zai ci, in Allah ya yarda ƙarshen wata zan turo ta hannun Yaya.

A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso. A gaida Kawu da mutanen masallaci.

Ɗanku mai neman albarka.