Wasiƙa ga Auta Kafin a Fara Gashi

Auta,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne.

Yayarki ta ce kina jan ƙafa kan gashin da likitoci suka tsara miki bayan aikin mama, wato haska wurin da haske mai ƙarfi don kashe cutar daji, wai kin ji yana taɓa zuciya. Ba ƙarya kika ji ba, ni ma ba zan rufe ki ba. Amma ki je a yi, don ragowar ƙwayoyin daji sun fi shi abin tsoro.

Naki na hagu ne, zuciya kuwa tana kwance dab da bayan haƙarƙarin wannan gefen, shi ya sa wani ɗan kaso na hasken kan gifte ta. Ɓarnarsa a hankali take tafiya: ya raunata cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini, wurin ya yi tabo, kitse ya samu inda zai maƙale, hanya ta riƙa tsukewa shekara da shekaru.

A 2013 an buga wani bincike kan mata 2,168 da aka yi wa gashin mama a Suwidin da Denmak tsakanin 1958 da 2001. An ga duk girei ɗaya (ma'aunin yawan hasken ke nan) da ya isa zuciya yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyinta da kashi 7.4 cikin ɗari, abin kuma yana somawa tun shekaru biyar na farko, ya wuce ashirin. Sai dai ki lura, ƙari ne a kan haɗarin da mace take da shi tun asali. Mai hawan jini ko ciwon sukari ita ya fi dannewa. Da yawansu kuma da injinan dā aka yi musu, kafin a fara zana wurin gashi da hoton CT.

Don haka kada kunya ta hana ki tambaya. Ki ce wa likita, "Nawa ne zai isa zuciyata? Kuna yi da riƙe numfashi?" Dabara ce mai sauƙi: ki ja iska ki cika huhu, ki riƙe kamar daƙiƙa ashirin, huhun ya janye zuciya daga bangon ƙirji, sannan a saki hasken. Ki fara gwadawa a gida, a rigingine, hannuwa sama da kai. Ki kuma tuna masa da jan maganin nan da aka sa miki ta jijiya, shi ma yana wahalar da zuciya.

Takardar bayanin gashin da za su ba ki ki adana ta tare da ta fili. Ko bayan shekara goma sha biyar kika ji haki a ɗan tafiya, ko nauyi a ƙirji, ko ƙafa ta kumbura, ki miƙa ta ga likita kafin ya tambaya. Hawan jini kuwa kin san gado ne a gidan babanki, sai ki riƙa awo, ki rage gishiri da dunƙule.

Ki sanar da ni ranar da suka sa, zan zo in riƙe miki yara. Ki gaida maigidan.

Ummanki