Sanarwa: darasinmu na ranar Asabar kan kalmar "strip"

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

In Allah ya kai mu ranar Asabar, ƙarfe 8:30 bayan sallar Isha'i, za mu zauna a nan rukuni kan kalmar Turanci guda ɗaya: strip. Na zaɓe ta ne don na ga tana rikita da yawa daga cikinmu a aikin fassarar makon jiya.

Mu Hausawa kowane aiki da kalmarsa. Mukan tuɓe riga, mu ɓare ɓawon itace, mu kankare tsohon fenti, makaniki ya kwance inji. Bature kuwa da strip yake faɗin duk waɗannan. Har ƙwace muƙami ko lambar yabo tana ɗauka, kamar yadda aka karɓe zinaren ɗan tsere Ben Johnson a gasar Olamfik ta 1988. In kuma ta zo a matsayin suna, sai ta koma abu siriri mai tsawo; Zirin Gaza da muke ji kullum a labarai, da ita ake kiransa.

Don Allah kowa ya rubuto jimloli biyu masu ma'ana daban-daban, da fassararsu ta Hausa, kafin daren Juma'a. A kula, stripped da "p" biyu ake rubuta ta. Kada kowa ya ji kunyar kuskure, don gyara muka taru. Wanda ba zai samu halarta ba, ya sanar da ni tun da wuri.

Allah ya ƙara mana basira.

Naku,
Mai kula da rukuni