Wasiƙa daga Akra: minti 20 da lissafin mutanen birni

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da su Yaya da yara duka. Yaya hunturu? An ce mini ƙurar bana ta yi yawa a Damagaram, don Allah a riƙa tuna wa Inna da maganin tarinta. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Kuɗin da Yaya ya aiko sun iso, Allah ya ƙara buɗi.

Ran nan kun tambaye ni ta waya dalilin da ya sa na ɗaga jarrabawar Turanci zuwa bayan wata biyu, na ji a muryarku hankalinku bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna in rubuto muku a tsanake.

Jarrabawar sunanta IELTS, ita jami'o'in Ingila da Kanada da dama suke nema ga wanda bai yi karatu da Turanci ba. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, maki mafi girma 9. Sauran ukun na samu kansu, rubutun ne ya riƙe ni. Awa ɗaya ake bayarwa, aiki biyu. Na farko sai a aje maka jadawali ko zanen lissafi, a ce cikin kamar minti 20 ka bayyana abin da ke ciki da kalma 150 ko fiye.

Gwajin da malaminmu ya fara ba mu, lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya ne na mazauna birane. A 1950 kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ke zaune a birni, a 2018 sun kai kashi 55, ana hasashen kashi 68 a 2050. A ƙasa an jera nahiyoyi yadda suke a 2018: Amurka ta Arewa 82, Turai 74, Asiya kusan 50, Afirka 43. Baba, da na ga takardar sai na ji kamar labarin gidanmu aka tambaye ni. Na cika shafi. Na rubuta fari da ƙarancin damina, na rubuta ƴan cin rani da ke shigowa bayan girbi su ce za su koma da ruwan farko, shekara goma suna nan. Na rubuta gonar gado da ake rabawa har ta kasa ciyar da gida ɗaya. Malamin ya maido mini da ita ya ja layi a kan fiye da rabi. Ya ce Turancin ba laifi, amma babu wanda ya tambaye ni dalili. Duk abin da ba ya cikin jadawalin, ba ya cikin amsa.

Abin ya yi mini zafi kwana biyu, domin a lise, wato makarantar sakandare, akasin haka aka koya mana: in an ba ka takarda a darasin labarin ƙasa, sai ka kawo sanadi da sakamako kafin a ce ka iya. Sai na tuna lokacin da kuke aikena Kasuwar Dole in jiyo farashin gero da wake. In na dawo na fara labarin wanda ya yi faɗa da wane, kukan ce: tiya nawa, jiya nawa, yau nawa? To wannan shi ne aikin. Ka sake faɗin tambayar da kalmominka, ka kawo jimla ɗaya ko biyu da ke nuna inda lissafin gaba ɗaya ya dosa, wato ko'ina birane na ƙaruwa kuma Afirka ce ke baya, sannan ka zaɓi lambobin da suka fi magana ka gwada wannan da wancan. Wanda ya kwafe kowace lamba ya rasa maki, wanda ya manta jimlar taƙaitawa shi ma makinsa ba ya hawa.

Akwai kuma tarkon da Faransanci ya ɗana mana. Inda muke sa waƙafi a tsakiyar lamba, su ɗigo suke sawa. Inda muke barin fili tsakanin dubbai, su waƙafi suke sawa. Ƙaramin abu, amma yana iya maida mutum dubu biyu da ɗari biyar su zama biyu da rabi. Haka nan kashi cikin ɗari daban, yawan mutane daban. Asiya rabi kawai ke birni, amma Tokiyo da ke da mutum miliyan 37 a 2018 da Delhi mai miliyan 29 duk can suke. Shekarar 2050 kuwa ba ta zo ba, dole ka nuna hasashe ne, kada ka faɗe shi kamar ya faru.

Yanzu da lissafin garinmu nake gwaji da dare. Ƙidayar 1988 ta ba birnin Damagaram kusan mutum 120,000, ta 2012 ta ba shi sama da 235,000: ya kusa ninkawa cikin shekara 24. A Turanci jimla ɗaya ce, na iya ta har da ido rufe. Amma duk lokacin da na rubuta ta sai in ga layin jarkoki a bakin famfo tun kafin asuba, in ga ƴan ga-ruwa suna tura amalanke daga Birni zuwa Zango, in tuna kuna nuna mini inda gari ya tsaya lokacin ƙuruciyarku, yau gidaje sun haɗiye wurin. Kaka ma da ya baro ƙauye yana cikin wannan lissafi, ni kuma ga ni na ƙara mutum ɗaya a na Akra. Ba za a tambaye ni wannan ba ranar jarrabawa, na kuma yarda in aje shi a bakin ƙofa na minti 20. Sai dai saboda shi nake son karatun tsara birane da nake nema, don haka nake buɗe littafi na daban ina zuba duk abin da malam ya ja wa layi.

Kuɗin jarrabawar suna da nauyi, kuma sakamakon shekara biyu kawai yake aiki. Ba na so in shiga da rabin shiri a yi asarar gumin Yaya. Ku yi mini haƙuri da wata biyun nan.

Ina roƙon alfarma ɗaya: in kun samu sarari, ku faɗa wa autarmu unguwannin da babu su lokacin da kuka yi aure, ta rubuta ta turo mini. A gaida Inna, a ce mata ina samun tuwo a Nima wajen Hausawan nan, kada ta damu. A gaida liman da mutanen majalisa, a sa ni cikin addu'a.

Wassalam,
Ɗanku