Godiya ga shagon da ba ya sayar da tiyon birki sai ya auna

Zuwa ga Maigida da dukkan yaran shago,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da kasuwa.

Mu makanikai ne masu aikin birkin tsofaffin motocin ɗaukar kaya, tun daga a-kori-kura har matsakaitan manyan motoci masu birkin mai. Mun zaɓi mu yi wannan godiya a bainar jama'a saboda yabon gwani ya zama dole, kuma muna so masu motoci su san irin shagon da ya kamata su nema idan tiyon birki ya tsufa.

Abin da ya fara jawo mu gare ku shi ne tambaya. Duk wanda ya ce muku a ba shi tiyon gaba na mota kaza, ba kwa miƙa hannu kan kanta sai kun ji shekarar ƙira, kun ji ko mai jan ƙafa biyu ce ko huɗu, kun ji ko faifai ne a gaba ko duram. Kukan nemi lambar shasi, wadda tun 1981 ta zama haruffa da lambobi 17 a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, sannan ku ƙara da cewa a kawo tsohon tiyon ko da ya tsage. Daidai kuke yi. Motar da ta shekara 30 tana aiki da wuya a same ta da aksul ɗinta na asali. An sauya na baya, an ɗauko kalifar wata mota, wato abin da ke matse faifan birki, an ɗaura a gaba, an ƙara ganyen sifirin. Lambar shasi tana faɗin yadda motar ta fito daga kamfani ne kawai. Yadda take a yau kuwa, tsohon kayan da aka kwance ne zai faɗa.

Inda muka fi jinjina muku shi ne wajen zaren noti. Akwai zare biyu da suke ruɗar mutane kullum: na inci mai lamba 3/8-24, da na milimita mai lamba M10x1.0. Kaurin na farko milimita 9.5 ne da ɗoriya, na biyu 10, tazarar haƙoransu ma kusan ɗaya ce, 1.06 da 1.0. A ido ba ka raba su. Notin inci yakan shige ramin milimita salin-alin, har ya yi kamar ya ɗauru, alhali bakin haƙora kawai ya kama. Za a cire iska, feda ta yi tauri, mota ta fita. Ranar da direba ya taka birki da ƙarfi da kaya a baya, matsin mai ya haura bar 70, sai notin ya kwaɓe, feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Mun sha ganin yaronku ya ɗauko ma'aunin zare mai kama da ƙananan zarto, ya ɗora a kan tsohon notin, ya ɗaga sama ya duba ko haske na ratsawa tsakanin haƙoran, kafin ya ce ga wanda ya dace. Aikin bai kai minti ɗaya ba, amma ba kowane shago ke yin sa ba.

Bayan zare sai bakin bututu. Zare ba ya tare mai, aikinsa ya matse kawai. Abin da ke tare mai shi ne zaman bakin bututun ƙarfe a mazauninsa. Baki iri biyu ne: mai ninki biyu da ya buɗe kamar mazurari a kusurwa 45, da mai kumburi kamar ɗan maɓalli. Tsofaffin motocin Amurka galibi na farko gare su da zaren inci, na Turai da yawa na biyu da zaren milimita, na Jafan kuwa sukan haɗa zaren milimita da baki mai mazurari. Ke nan zare zai iya yin daidai mazauni ya saɓa, a yi ta ɗaurewa mai na tsattsafowa, har a fasa bakin. Kukan leƙa cikin kan tiyo da tocila ku ga ko mazaunin tudu ne ko rami. Allah ya saka da alheri.

Tsawo ma ba ku wasa da shi. Tiyon da ya gaza tsawo yakan miƙe tsaf idan taya ta faɗa rami ko aka karya sitiyari har ƙarshe, sai ya fara yagewa daga wuyan ƙarfen da aka matse shi da shi. Wanda ya yi yawa kuma yakan lanƙwasa ya goga da taya ko sifirin har ya huje. Shi ya sa muke jin daɗin tambayarku ta ko an ƙara wa motar tsayi, domin wadda aka ƙara wa ganye tiyon asali ya yi mata kaɗan. Shawarar da kuke bai wa masu saye ita ce tamu: a ɗaga mota da jak ta shasi, tayoyi su yi reto, a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, a tabbata tiyon yana da sauran sassauci kuma bai taɓa komai ba. Layin da aka zana a jikinsa ma yana da aiki, shi ke nuna ko an murɗe shi wajen ɗaurawa. Idan layin ya karkace kamar igiya, a kwance a sake.

Ba mu taɓa ɗaukar tiyo a wurinku ba tare da rubutu a jikinsa ba. Na birkin mai yana ɗauke da SAE J1401, da faɗin cikinsa, wanda a mafi yawan motoci 1/8 na inci ne, da lokacin da aka yi shi. Na birkin iska lambarsa daban, J1402, kuma ba a musanya su. Wannan kwanan wata yana da muhimmanci ga tsohuwar mota, don kayanta sukan daɗe a kanta ba mai nema, roba kuwa tana tsufa ko ba a ɗaura ta ba. Mun kuma san kuna ƙin yanka wa mutum tiyon fetur ko na man haidurolik ya ɗaure da kilif, ko da ya nace. Robar da ke jure man fetur daban take da wadda ke jure man birki, kilif kuma ba zai riƙe wannan matsi ba.

Akwai ciwon tiyo da ba a gani daga waje, kuma mun ji kuna bayyana shi ga masu zuwa sayen kalifa. Cikin tiyo yakan ɓare ko ya kumbura, wani lokaci kuma tsatsa ce ke cika maƙalar ƙarfen da ta zagaye shi har ta shaƙe shi. Idan aka taka, ƙarfin masta, wato famfon da feda ke turawa, ya isa ya tura mai ya wuce. Idan aka saki, man ba ya samun hanyar komawa, sai birki ya riƙe, taya ta yi zafi har ta yi ƙauri, mota ta riƙa ja gefe guda. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaga tayar, a taka a saki, a ga ta ƙi juyawa. A sassauta notin saman tiyo, wajen shasi. Idan ba ta saki ba, a ɗaure, a buɗe notin cire iska na jikin kalifa. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, tiyo ne. In ta ci gaba da riƙewa, fistan ne ko sandunan da kalifa ke zamewa a kai. Kalifa ta fi tiyo kawo muku ciniki nesa ba kusa ba, amma kukan ce a je a gwada tukuna. Wannan amana ce, kuma mun gan ta.

Haka nan ba ku barin mutum ya tafi da guda ɗaya. Tiyon dama da na hagu tare suka tsufa, kuma sabo da tsoho ba sa kumbura daidai a ƙarƙashin matsi. Kukan kuma tuna wa mutane da na uku, wanda ya sauko daga shasi zuwa aksul ɗin baya, yana can sama cikin laka ba mai ganinsa, alhali tayoyin baya duka shi suke sha. Kowane tiyo mai ƙusa a tsakiyar kansa kuna haɗa shi da sababbin washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsohuwar washa ta riga ta matsu ta taurare, ba za ta sake zama ba.

Kan silindar taya, wadda ke tura birki a cikin duram, kuna duba faɗin ramin ciki, ba siffar waje kaɗai ba. Jiki ɗaya yakan zo da rami 7/8 ko inci 1, bambancin ƙarfin turawarsu kuwa kusan kashi 30 cikin ɗari ne. A sa su gefe da gefe, taya ɗaya za ta riga ɗaya kamawa. Kalifa kuma kukan rubuta mata dama ko hagu da alli, don idan aka juya su notin cire iska yakan koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, a wuni ana famfo feda ba ta yi tauri ba.

Bututun ƙarfe da tsatsa ta ci, kuna ba da na ƙarfe mai rufi ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel, mai kauri 3/16 na inci, wato milimita 4.75, ko 1/4 inda motar ta buƙata. Jan ƙarfe zalla irin na firji ba ku yarda da shi, saboda girgiza na taurara shi ya tsage. Kuna kuma ajiye sufanar bututu mai tsaga, wadda ke rungumar noti kusan ta ko'ina, don sufana mai buɗaɗɗen baki ita ke cinye kan noti mai tsatsa.

Man birki a rufe kuke sayar da shi, ba a tsiyaye ba, kuma wannan ma abin godiya ne. DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, zafin da duram ke kai mai gare shi a doguwar gangara da kaya. Da ya tafasa sai tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta nutse. Shi ya sa kuke cewa tunda an buɗe layi a zubar da tsohon gaba ɗaya, lita ɗaya takan ishi a-kori-kura, a kuma riƙa sauyawa duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, ko da sunansa ya yi kusa da DOT 5.1.

Roƙo ɗaya gare mu, Maigida. A ƙaro dogayen tiyo na baya masu ƙarin inci biyu zuwa huɗu, da 'yan kilif ɗin da ke riƙe kan tiyo a jikin shasi, don su ne suke karyewa wajen kwancewa kuma su ne suka fi wuyar samu.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya yi wa yaran shago jagora, ya tsare duk wanda ke kan hanya.

Mu ne naku,
Makanikai masu aikin birkin tsofaffin motocin kaya